Daga Kano zuwa Jidda: Nisan Hanya da Tsawon Lokacin Tafiya a Jirgin Sama

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400. Wannan awo ne na hanya mafi gajarta a bisa doron duniya, wadda ta tashi daga Kano ta nufi gabas maso arewa, ta ratsa Chadi da Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Ma'aikatan jiragen sama kuwa da mil na teku suke lissafi, wanda kowane ɗaya ya kai kilomita 1.852, don haka a wurinsu tazarar ta kai mil 1,850 ko kusa da haka.

Jirgin fasinja na zamani, idan ya daidaita a sama, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. Bisa wannan lissafi, awa huɗu sun isa a kai Jidda. Amma a zahiri tafiyar kan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar, domin jirgi ba ya kai wannan gudun tun daga tashi. Sai ya gangara zuwa titin tashi, ya jira izini, ya hau sama a hankali har tsayin kilomita 10 zuwa 12, sannan ya rage gudu tun daga nesa idan zai sauka. A lokacin jigilar alhazai, cunkoson jirage a Jidda kan sa wani jirgin ya yi ta shawagi kafin a ba shi damar sauka.

Iska ma tana da nata tasirin. Idan ta biyo jirgi ta baya, takan rage masa lokaci. Idan ta tare shi ta gaba, sai ta ƙara. Shi ya sa zuwa da dawowa ba sa cika zama daidai. Haka kuma jirage suna bin hanyoyin da hukumomi suka shata musu ne. Bayan ɓarkewar yaƙi a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen maniyyata suka koma yin zagaye, lamarin da ya ƙara tsawon tafiya da kuɗin mai.

Abin da ya fi rikita matafiya shi ne bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa biyar a sama, zai sauka da ƙarfe 5 na asuba agogon Jidda. Wanda ya baro Jidda da ƙarfe 10 na dare kuwa zai iso Kano da ƙarfe 1 na dare. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake tashi ko sauka ne.

Wannan hanya tsohuwa ce. A da, maniyyata kan bi ta da ƙafa ko a kan dabbobi har tashar ruwa ta Sawakin, tafiyar watanni ko shekaru, wasu ma suka yi kaka-gida a Sudan. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, kuma a yau tafiyar da kakanni suka yi shekaru suna yi ba ta kai yini guda ba.