Kakar Kurket Ta Ƙare a Mu'aither

Jama'ar Zango, zafi ya kawo kai, 'yan kurket sun naɗe kayansu. Daga Nuwamba zuwa Maris, kowace Jumma'a da sassafe muna ganin ma'aikata 'yan Indiya da Pakistan da Siri Lanka a filayen bayan unguwa, mutum 11 kowane gefe, suna bugun ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif. Ba biya, sai son wasa.

Abin da ya dame mu, duk kakar nan ba mu ga ɗan Zango riƙe da sanda ba. Waɗansu sun ce wasan baƙi ne. Ba haka ba ne. Katar ta shiga hukumar kurket ta duniya tun 1999. Samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun buga gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan mata kuma suka ka da Niyu Zilan a 2025.

To, iyaye, kafin sanyi ya komo a haɗa kuɗin sanda da ƙwallo. Gine-gine suna cinye filayen nan, wanda ya makara kuwa sai kallo. Allah ya kai mu.