Lambar Zinariya ta Maharan Merrill

Jama'a, yau za mu karanta labarin waɗansu sojan Amurka da ƙasarsu ta gode musu. Amma godiyar ta daɗe a hanya.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suke kira Yaƙin Hitila, sojan Japan sun mamaye ƙasar Bama. Yanzu ana kiran ƙasar Myanmar. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙurmi da ruwan sama mai yawa. A cikin 1943 Amurka ta nemi sojan da za su yarda da kansu su tafi wani aiki mai hatsari. Ba a gaya musu inda za su ba. Mutum wajen 3,000 suka ce sun yarda. Shugabansu shi ne Janar Frank Merrill. Don haka 'yan jarida suka sa musu suna Maharan Merrill.

Mene ne aikinsu? Aikinsu shi ne su ratsa ƙurmi a ƙasa, su ɓullo ta bayan abokan gaba, su tare musu hanya. Ba su da mota, ba su da tankar yaƙi. Alfadarai ne suke ɗaukar musu kaya. Abinci kuwa jirgin sama yake jefo musu da laima.

Sun tashi daga Ledo ta ƙasar Indiya a watan Fabrairu na 1944. Sun yi tafiyar fiye da mil 700 a ƙafa, watau kamar daga Kano zuwa Ikko ta hanyar jirgin ƙasa. Sun yi manyan gwabzawa 5 da ƙanana wajen 30. Ran 17 ga Mayu suka ƙwace filin jirgin sama na garin Micina. Daga wannan fili ne jiragen Japan suke tashi su tare jiragen da ke kai kaya Sin. Da aka ƙwace shi, sai hanya ta samu.

Amma ciwo ya fi harsashi ɓarna a cikinsu. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da yunwa suka kayar da su. Da aka sallami rundunar ran 10 ga Agusta 1944, masu ƙarfin riƙon bindiga ba su kai 200 ba.

Wannan ƙurmi ba baƙo ba ne gare mu. A cikin wannan shekara bataliya 3 na sojan Nijeriya sun yi irin wannan yaƙi a arewacin Bama, cikin rundunar Janar Wingate Baturen Ingila. Da yawansu mutanen Arewa ne.

To, yaya Amurka take gode wa irin waɗannan mazaje? Tana da wata lambar girma, ana ce mata Lambar Zinariya ta Majalisa. Wanda aka fara ba shi ne George Washington, a 1776. Ba mutum ɗaya ke ba da ita ba. Sai an yi mata doka tukuna. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan Majalisa sun goyi bayan maganar kafin a duba ta. Sa'an nan Shugaban Ƙasa ya sa hannu. In runduna aka ba, lamba ɗaya tak ake ƙerawa da zinariya, a ajiye a gidan tarihi inda kowa zai gani. Sa'an nan a ƙera irinta da tagulla don mutane.

Tsofaffin maharan nan da 'ya'yansu sun yi ta kai kuka Majalisa. Ran 17 ga Oktoba 2020 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar. Ku ƙidaya: daga 1944 zuwa 2020 shekara 76 ke nan. Cikin mutum 3,000, waɗanda suka ga wannan rana ba su fi 10 ba. Kafin a yi bikin a watan Mayu na 2022, waɗansu sun ƙara rasuwa. Na ƙarshensu, Russell Hamler, ya rasu a Disamba 2023, yana da shekara 99.

Lamba ba ta mayar da ƙafar da aka yanke. Ba ta ta da wanda ya kwanta a ƙurmi. Amfaninta shi ne ƙasa ta faɗa a fili cewa ba ta manta ba, jikoki kuma su san abin da kakansu ya yi. Amma yabo ya fi daɗi in mai shi yana ji da kunnensa.

Mu da muka koyi karatu da rubutu, ga aiki gare mu. In akwai tsohon soja a garinmu, mu je mu gaishe shi. Mu tambaye shi inda ya je da abin da ya gani, mu rubuta tun yana da rai. In ya riga mu gidan gaskiya, mu tambayi iyalinsa, mu rubuta sunansa kada ya ɓace.