Tambayoyin Jarrabawar Ɗaukar Aiki da Amsoshinsu ke Bodar Jibiya

Da zarar Hukumar Kwastan ko ta Shige da Fice ta yi shelar ɗaukar sabbin ma'aikata, sai kasuwar wasu 'yan ƙananan littattafai ta buɗe a tashoshin mota da shagunan buga takardu na Katsina. Littattafan al'amuran yau da kullum ne, tambaya a sama amsa a ƙasa: yaushe aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, ina hedkwatar Tarayyar Afirka take, mene ne sunan tauraron ɗan'adam na farko da Nijeriya ta harba. Matasa kan haddace su kamar karatun allo, kuma ba a ga laifinsu ba. A ɗaukar aikin da kwastan ta shelanta a ƙarshen 2024, mutum fiye da 500,000 ne suka nemi guraben da ba su kai 4,000 ba. A irin wannan turereniya maki ɗaya ma abin nema ne.

Matsalar ita ce hadda tana tsufa. Ɗauki tambayar da kusan ba ta ɓacewa daga irin waɗannan littattafai: ƙasashe nawa ne a ƙungiyar ECOWAS? Duk littafin da aka buga kafin 2025 zai ce 15. Wanda ya zaɓi wannan amsa yau ya faɗi, domin 12 suka rage. Direban da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi bai buƙaci littafi ba kafin ya san haka, tun da a kan idonsa abin ya faru, kuma aljihunsa ne ya fara ji.

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, kuma Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo ne suka yi ruwa suka yi tsaki wajen kafa ta. Hedkwatarta na Abuja. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ga mutumin Jibiya wannan doka ta zo ne ta tarar da abin da ake yi tun kaka da kakanni. Sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora su ne suka kafa daular Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. Layin da ya raba Magama ta Jibiya da Ɗan Isa ta Nijar Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi daji suna kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Da aka samu 'yanci, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke shawara a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyakokin yadda Turawa suka bar su. Wannan ma tambayar jarrabawa ce, ga kuma amsarta a tsakiyar gonakin mutane.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi: a rufe iyakoki, a tsayar da hada-hadar kuɗi, a daskarar da dukiyar gwamnati. Nijeriya ta ƙara da yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga nan take zuwa, ɓangaren Maraɗi da Damagaram kuma ta layin da ya taso daga Katsina. Manyan motoci suka yi jerin gwano a boda, kayan gwari suka ruɓe, 'yan dako da masu abinci da masu canjin sefa suka wayi gari babu na cefane. Jibiya gari ne da bai gama farfaɗowa daga rufewar boda ta Agusta 2019 ba, wadda ba a ɗage masa ita ba sai a Afrilu 2022, bayan su Illela da Maigatari sun samu tasu tun Disamba 2020.

Takunkumin bai mayar da Bazoum kan kujera ba. Abin da ya haifar shi ne ƙawancen Mali da Burkina Faso da Nijar, wato AES, a Satumba 2023. Ranar 28 ga Janairu, 2024, ƙasashen uku suka ce sun fice. ECOWAS ta janye takunkumin a Fabrairu, aka buɗe boda a Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Dokar ƙungiyar ta tanadi wa'adin shekara guda ga mai son fita, shi ya sa ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Mai jarrabawa da ya san dalilin wannan tazara ba zai rikita shekarun biyu ba, ko ta yaya aka juya masa tambayar.

Akwai kuma tarkon da masu shirya tambaya ke so. Ficewar Nijar daga ECOWAS ba ta fitar da ita daga UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kashe sefa, wadda babban bankinta ke Dakar. Sefar da ake canzawa a Jibiya har yanzu tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Haka Tarayyar Afirka: dakatar da Nijar ta yi a Agusta 2023, ba korarta ba. ECOWAS kanta ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta har sai an sake shawara. Jami'in shige da fice da aka tura Magama bai san bambancin dakatarwa da ficewa ba, zai wahalar da bayin Allah a banza.

Wasu hukumomin da suka fi shafar garin ma ba a cika ganinsu a littattafan ba. Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 take zaune a Yamai, ita ce dandalin da ƙasashen biyu ke tattauna ruwa da hanya da ciniki. Kogin Gada da aka datse aka yi madatsar Jibiya shi ne yake tsallakawa ya zama Gulbin Maraɗi, ya yi gwiwa ya sake komowa Nijeriya ya faɗa Rima. A 1990 ƙasashen suka sa hannu a Maiduguri kan yadda za a raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Manomin rani a ƙasan madatsar da takwaransa na Madarumfa ruwa guda suke jira. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, shi ma ta Jibiya zai ƙetara.

Manyan sunayen duniya kuwa ba su da wuyar riƙewa idan aka rataya kowanne a inda yake aiki. Harajin da ɗan kwastan ke lissafawa a boda yana bin lambobin kaya ne da Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels ta tsara, kuma a 2025 aka zaɓi shugaban kwastan na Nijeriya, Bashir Adewale Adeniyi, ya shugabanci majalisarta. Dokokin ciniki tsakanin ƙasashe na hannun WTO a Geneva, inda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanci tun Maris 2021. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka tana da ofishinta a Accra. Nijar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 20 ga Satumba, 1960, Nijeriya ta bi baya ranar 7 ga Oktoba.

Sashen sararin samaniya shi ne wanda masu jarrabawa suka fi yi wa kallon labarin wata duniya. To amma a Satumba 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Jibiya, don toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Watanni aka yi a haka. Waɗanda ke daf da iyaka suka koma layukan Nijar, domin igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. Rabon waɗannan igiyoyi tsakanin ƙasashe aikin Hukumar Sadarwa ta Duniya ne, ITU, wadda aka kafa a 1865, shekara 80 kafin Majalisar Ɗinkin Duniyar da take ƙarƙashinta yanzu. A wancan lokaci ma da babu sabis, wayar da ke da taswira tana iya nuna wa mai ita inda yake tsaye. Dalili shi ne GPS ba ya bi ta turakun kamfanonin waya. Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne na aiko da saƙon lokaci daga agogo mai tsananin daidaito. Waya takan saurari aƙalla huɗu, ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, daga nan ta lissafa wurinta. Sauraro kawai take yi, ba ta aika komai.

Ita ITU ɗin ce kuma ke rajistar gurabe a falakin da taurarin sadarwa ke zama, kilomita 35,786 saman tsakiyar duniya. A wannan nisa tauraro yakan kammala zagaye ɗaya a daidai lokacin da duniya ke juyawa sau ɗaya, don haka daga ƙasa sai a gan shi kamar a kafe. Shi ya sa mai ɗaura dish yake saita shi sau ɗaya ya ɗaure ƙusa ya tafi. A nan NigComSat-1R yake, saitin gabashin Afirka. Harafin R ɗin yana da tarihi: na farkon, wanda aka harba daga Sin a Mayu 2007, ya mutu a Nuwamba 2008 saboda fukafukansa masu tara hasken rana sun lalace, sai aka maye gurbinsa a Disamba 2011. An ƙera shi don ya yi shekara 15, lissafin kuma ba ya buƙatar kwamfuta.

Taurarin ɗaukar hoto daban suke. Hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumba 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agusta 2011, shi NigeriaSat-X ɗin injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila. A majalisun hira ana yawan tambaya: in dai muna da tauraro, me ya hana a ga 'yan bindiga a dazukan da suka haɗa Jibiya da Batsari da Zurmi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta fi duk abin da ke cikin littafin hadda amfani. Irin wannan tauraro yana can ƙasa-ƙasa, kimanin kilomita 700, yana zagaya duniya cikin abin da bai kai awa biyu ba. Ba ya tsayawa a kan daji yana gadi. Yakan wuce cikin 'yan mintoci, sai bayan kwanaki ya sake bi ta wurin. Kowane ɗigo a hoton NigeriaSat-1 fili ne mai faɗin mita 32, a na NigeriaSat-2 kuma mita 2.5, wanda ke nufin babur bai cika ɗigo ɗaya ba. Ga girgijen damina, ga hazon hunturu, ga inuwar bishiyoyi. Abin da yake iya nunawa da kyau shi ne sabuwar hanya da aka fasa a daji, ƙauyen da aka ƙona, gonakin da aka daina nomawa, da yawan ruwan da ya rage a madatsa. Ganin abin da ke ƙarƙashin girgije ko cikin dare sai tauraro mai rada. Kuma gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce taurarin 2011 sun daɗe da wuce shekarun da aka ɗibar musu.

Maƙwabta ba su zauna ba. A Satumba 2024 ƙasashen AES suka sanar a Bamako cewa sun ƙulla yarjejeniya da Rasha kan taurarin sadarwa da na sa ido a iyakoki. Starlink, mai dubban taurari a nisan kusan kilomita 550, ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya shiga Nijar a 2025. Duk wanda zai sake tunanin katse layin waya don maganin ɓarayin daji sai ya sa wannan a lissafi. A Yamai kuma cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana amfani da hotunan tauraro wajen hasashen damina da bin sawun fari a yankin Sahel, kuma hadarin da take hange ba ya tambayar ko gonar tana Katsina ko tana Maraɗi. Nijeriya da Ruwanda ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta Amurka kan binciken wata, a Disamba 2022, Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka kuma an buɗe ta a Masar a Afrilu 2025.

Ni a ganina laifin ba na matasa kaɗai ba ne. Muddin hukumomin ɗaukar aiki suna tambayar suna da shekara kawai, to hadda za a kawo musu, su kuma su tura boda jami'in da ya san ranar kafa ECOWAS amma bai san wace takarda ya kamata ya nema a hannun ɗan Maraɗi ba. Ya kamata a riƙa sabunta tambayoyin duk shekara, a kuma sa waɗanda ke neman dalili.

Kai kuma mai shirin zama gaban kwamfuta, kafin ka biya kuɗin littafin nan ka duba shekarar da aka buga shi. Idan ya ce Bola Tinubu ne shugaban ECOWAS, ka sani ya miƙa wa Julius Maada Bio na Saliyo a Yuni 2025. Idan ya ce Moussa Faki ne ke jagorantar hukumar Tarayyar Afirka, Mahmoud Ali Youssouf na Jibuti ya gaje shi a farkon 2025. Irin waɗannan kujeru suna sauya hannu, don haka ka tabbatar da su a labaran rediyo na makon jarrabawar, ka gyara littafin da biro.