Ko Kun Sani? Tafkin Ibada da Ya Zama Filin Wasan Kurket

A birnin Madurai da ke kudancin Indiya akwai wani tafkin ibada na mabiya addinin Hindu da ya yi shekaru a bushe, har samari suka mayar da cikinsa filin wasan kurket. Sunansa Mariamman Teppakulam, kuma kowane gefensa ya kai kusan mita 300.

Asalinsa kududdufi ne, irin wanda akan bari a garuruwanmu bayan an ɗebi ƙasar gini. A tsakiyar ƙarni na 17 Sarki Thirumalai Nayak ya sa aka haƙi ƙasa a wurin don yin tubalin fadarsa. Da rami ya yi faɗi, sai aka kewaye shi da matakalan dutse, aka gina ɗakin bauta a kan tsibiri a tsakiya, aka jawo masa ruwa daga kogin Vaigai. Kowace shekara, tsakanin Janairu da Fabrairu, akan ɗora gumakan haikalin Meenakshi da ke birnin a kan wani dandamali mai yawo bisa ruwa, a zagaya tafkin da su cikin hasken fitilu.

To me ya busar da shi? Shara, laka da gine-gine ne suka toshe magudanar da ke kawo ruwan. Gyaran kuwa bai buƙaci wata sabuwar fasaha ba: an tare kogin da ƙaramar madatsa, aka yashe tsohuwar magudanar Panaiyur, ruwa ya sake bin hanyarsa da kansa. 'Yan kurket dai sai neman wani filin.