Harawa: Dukiyar da Ke Bisa Rumfa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi, an fara tsinkar wake. Kafin a kai harawa kasuwa a sayar da ita da arha, ya kamata mu tsaya mu yi lissafi.

A shekarar 1975 wata cuta ta faɗa wa gyaɗa a jihohin Maraɗi da Damagaram, ta halaka gonaki masu yawa. Daga nan manoma da dama suka koma ga wake. Wake kuwa amfani biyu gare shi: ƙwaya ta mutane, harawa ta bisashe.

Me ya sa harawa ta fi kara? Karan hatsi da busasshen haki suna cika ciki, amma abin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne. Na cikin harawa ya ninka nasu sau biyu ko uku. Shi ya sa ragon da ke cin kara zalla yakan ƙoshi amma ya rame. In an haɗa masa da harawa, ko karan ma sai ya fi narkewa a tumbinsa.

Ga yadda masu turka ke yi. Da fari a kai rago wurin ma'aikatan kiwo a ba shi maganin tsutsar ciki, don kada a ciyar da tsutsa maimakon rago. Sannan kowace rana a ba shi kara ko haki iyakar cinsa, da harawa kamar rabin kilo, da dusa kwatankwacin haka, da ruwa mai tsabta, da ɗan gishiri ko kanwa. Wanda ke da gawo a gonarsa ya tara ƴaƴansa ya ƙara. Cikin wata uku za a ga bambanci.

Amma harawa sai da adana. Ƙarfinta a ganye yake. A yanke ta da zarar an gama tsinka, tun ganyen na kore, a shanya, a ɗaure dami-dami, a ɗora bisa rumfa, a rufe da zana. Wadda aka bari a rana sai ta koɗe, ganyen ya zube, itace kawai ya saura.

A tuna kuma, layya tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2025 ta faɗo a farkon watan Yuni, wato an yi turka a tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone, harawa ta yi tsada. Wanda ya sayar da tasa da kaka, shi ne ya koma ya saye ta da kuɗi mai yawa.

Saboda haka, maigida da uwargida, a raba harawa: ta sayarwa daban, ta rago daban. Da ma Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.