Maganin da ake yi da hira

Mai sauraro, ka san yawan bin shanu ne ke fitar da burtali. Haka tunani yake: hanyar da zuciya ta saba bi, ita take komawa ko da ƙaya a ciki.

Ɗauki ɗan kasuwan da aka taɓa cinye wa kuɗi tsakanin Jibiya da Maraɗi. Yau abokin cinikinsa bai ɗaga waya ba. Nan take zuciya ta ce masa, "shi ma ya gudu da kuɗina." Barci ya ƙaurace masa, da asuba ya tura saƙon zagi. Ashe caji ne ya ƙare wa bawan Allah.

A shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna fama da irin wannan tunani mai faɗowa da kansa. Sai ya tsara magani ta tattaunawa. Ƙwararre zai zauna da kai, yawanci sau ɗaya a mako, ya tambaye ka: me ya faru, me ka gaya wa kanka, me ka aikata, wace hujja gare ka? Ba wa'azi zai yi maka ba. Kai da kanka za ka gano inda kullum kake kaucewa, har ka gwada wata hanyar.

Makiyayin da aka kore wa shanu, ya koma zargin kowa, shi ma wannan zai amfane shi, kuma ba hauka ba ne. Amma in ana jin muryoyi ko tunanin kashe kai, a garzaya asibiti ran nan.