Wa Zai Zauna Gaban Uwar Yaro Idan Gwajin Magani Ya Zo Danchadi?

A bazarar 2017 sanƙarau ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma Danchadi ta ƙaramar hukumar Boɗinga na cikin garuruwan da cutar ta shiga. Nau'in da ya yi ɓarnar shi ne wanda likitoci ke kira C, alhali allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce kaɗai. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, allura ɗaya mai kariya daga nau'i biyar. Kafin ta iso mana, mutum 1,800 a Mali da Gambiya sun miƙa damtsensu an gwada ta. Kowannensu kuma sai da wani ma'aikaci ya zauna ya yi masa bayani, ya ɗebi jininsa, ya bi shi har gida yana tambayar lafiyarsa. Maganar wannan ma'aikaci nake son mu yi, domin da wuya a ji an ambace shi.

Arewa ta san abin da ke faruwa idan aka yi sakaci a nan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani da aka saba da shi. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Daga baya ta fito fili cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma kuɗi bai mayar da yarda ba. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, labarin Trovan yana bakin mutane.

A shekarar ta 1996 ne kuma aka fara fitar da ƙa'idojin da duniya ke bi yanzu wajen gwajin magani a jikin ɗan Adam, waɗanda ake kira GCP a taƙaice. Najeriya ta fitar da kundinta na ɗa'ar binciken lafiya a 2007 ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC, NAFDAC kuma ita ke ba da izinin gwada sabon magani. Duk mai taɓa aikin, daga babban likita har mai shigar da bayanai a kwamfuta, ana neman ya nuna takardar shaidar ya yi horon GCP, kuma ya riƙa sabunta ta bayan shekara biyu ko uku.

Me ake koya a ciki? A ɗauki uwar da ta kawo ɗanta, ba ta karanta boko. Ƙa'ida ta ce a yi mata bayani da harshen da take ji: wannan gwaji ne, ba a tabbatar da maganin ba tukuna, ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda yaron zai samu, ga illar da ake tsoro. A gaya mata tana iya cewa a'a, ko ta janye gobe, kuma za a ci gaba da duba ɗanta kamar kowa. A kawo shaida wanda ba ya cikin masu binciken ya saurari komai, sannan ta dangwala yatsa, shi ma ya sa hannu, a ba ta kwafi. Idan yaron ya kwanta asibiti, ko da ana ganin zazzaɓin sauro ne, cikin awa 24 za a kai rahoto. Idan ma'aikaci ya yi kuskure a takarda, ba a gogewa. Layi ɗaya zai ja a kai yadda za a iya karanta na farkon, ya rubuta gyaran, ya sa harufan sunansa da kwanan wata. Wannan 'yar ƙa'ida da ake wa kallon ƙarama, ita ce ke hana a maimaita takardar Kano.

Horon farko bai gagari kowa ba. Ana samunsa kyauta ta intanet a dandalin TRREE da na Global Health Network na Jami'ar Oxford. Manyan takardun ƙwarewa ne ke da nisa: ƙungiyar SOCRA ta Amurka tana neman shekara biyu a bakin aiki kafin jarrabawa, ACRP tana neman awa 3,000, kuɗin kuma da dala ake biya. Nas da ke ƙaramin asibiti a Shagari, ina za ta tara waɗannan awanni idan ba a gudanar da gwaji kusa da ita?

Ba kuwa don ba za mu iya ba. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF ta gwada rigakafin gudawa na Rotasiil a kan jarirai kimanin 3,500, sakamakon ya fito a 2017. A gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, horar da ungozomomi aka yi su auna jinin haihuwa da wata leda mai ma'auni, su ba da magunguna a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kashi 60 cikin ɗari.

A ganina Sakkwato na da inda za ta fara. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga kwalejin koyon jinya, ga kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa. A sa darasin GCP cikin karatun nas da ungozoma da ma'aikacin lafiyar al'umma, a kuma jarraba su da baki: ɗalibi ya zauna ya yi bayanin gwaji da Hausa, ko da Fulatanci, a ga ko mai sauraro ya gane. Takardar da aka ci a kwamfuta da Turanci ba ta nuna wannan. A rubuta takardun amincewa da ajami, tunda dattawa da yawa a ƙauyukanmu shi suke karantawa. A koya wa ma'aikaci cewa neman yardar hakimi da liman da maigida ladabi ne da ya zama dole, amma ba ya maye gurbin yardar ita uwar da za ta dangwala yatsa. Jami'a kuma ta riƙa ɗaukar waɗanda suka kammala ta haɗa su da binciken da take yi, su fara tara awannin da ake nema.